Ranar da Kawu Makau Ya Yi Gib Awe

Lubabatu, yau ma na dawo daga kasuwa da labari a bakina, na tsaya a ƙofar ɗaki ina jiran ki ce, "To, mi anka yi?" Ke kika saba mini da wannan hali. Ko gishiri kika aike ni, sai kin tambayi wa ya faɗi, wa aka mara, wa ya yi sabuwar hula. Tun da aka kai ki makwanci bayan yankan gero, labarai suke taruwa a cikina kamar damin da ba a sussuka ba. Wannan kam ba zan iya ajiye shi ba, don na mutuminki ne, Kawu Makau, ƙanen Inna, wanda kike cewa ko tari ya yi sai ya ce a Fatakwal ya koyo.

Kin san rani ɗaya tak ya yi a can, da ya bi motar albasa daga Gummi. Abin da ya dawo da shi tabarau ne mai ƙafa ɗaya, ɗaya gefen an ɗaure da zare, sai kuma Turanci. Da kina nan Turancin bai wuce gaisuwa ba. Bayanki ne ya yi reshe.

A teburin Sambo mai shayi, bakin tashar Bukkuyum, ya fara buɗe mana ilimin.

"Ku 'yan boko wahalar banza kunka sha," in ji shi, yana nuna ni da cokali. "Turanci dut ƙofa guda gare shi, ni kau na samo makullin. Awe."

Sambo ya ce, "Awe? Ba gari ba ne can ƙasar Nasarawa?"

"Ji jahilci! Kalma ce. Duk aikin da Bature za shi yi, sai ya ɗaura mashi awe ga wutsiya. Go awe. Tek awe. Ran awe. Yadda ba a shan fura ba nono, haka ba a Turanci ba awe."

"To mi take nufi?"

"Cika. Aiki in ba awe, rabin aiki ne. Go, tafiyar talaka ce, a ƙasa, ba rakiya. Go awe kuwa tafiyar mutunci ce, kamar ka ce ma babban baƙo a sauka lafiya."

Ni dai na tuna malaminmu ya taɓa cewa kalmar nan tana da alaƙa da barin wuri, amma kin san a aji biyu na sakandare na ajiye, kuma kwanakin nan ko gardamar farashin tumatir ba ni da ƙarfinta. 

Ana cikin haka sai ga Kofa. Wani saurayi ne ɗan Kudu da ke bautar ƙasa a makarantar sakandare, mai fara'a, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Ya sayi burodi, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya juya zai tafi, Kawu ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya ɗaga hannu da murmushi har kunne.

"Kofa! Go awe!"

Kofa ya tsaya. Ya waiwaya bayansa ko da wani ake. Ya dubi Kawu, ya dubi burodinsa, ya nuna ƙirjinsa.

"E, kai! Go awe, go awe!"

Bawan Allah ya kaɗa kai ya wuce, yana tafe yana waige.

Kawu ya zauna ya kurɓi shayi. "Kun gani? Daɗi ya hana shi magana. Tun da yaz zo garin ga ba wanda yag girmama shi da harshensu sai ni."

Abin da ya kai Kawu teburin Sambo kullum ba shayi ba ne. Daga nan ana hango rumfar Safiya mai abinci, bazawarar nan da kike yaba miyar yakuwarta. Kawu ya daɗe yana nemanta, Dalhatu mahauci ɗan Anka shi ma yana nema. Dalhatu in ya zo, da tsoka yake zuwa a takarda. Kawu in ya zo, da shawara.

Rannan ya tsallaka ya same ta tana kwashe tuwo, Dalhatu na zaune a benci yana sakace.

"Safiya, sana'arki ta tsufa. Wa ka cin abinci ga kwano yanzu? A Fatakwal ba mai zama. Farar roba ake zubawa, mai murfi, mutum shi ɗauka shi wuce. Ki ba ni kasuwa guda in nuna maki yadda Turanci ka saida abinci."

Dalhatu ya cire tsinke daga baki. "Turanci ko aku ya iya, amma ban taɓa jin an ɗaura mashi aure ba."

"Ba da masu wuƙa nake ba."

Safiya ta goge hannu a zane, ta dube su duka biyu. "Makau, na gaji da alkawarin baki. Kasuwa mai zuwa na ba ka tukwanena. Ni in dafa, kai ka tsaya gaba. In Turancinka ya ƙarar min da su kafin la'asar, turo magabatanka. In ko anka yi kwantai, kar in sake ganin inuwarka ga rumfata."

Kawu ya buga ƙirji har tabarau ya zame. "Sambo, kai ne shaida!"

Da ya zo gida neman mai rubuta allo, Inna ce ta tura ni. Ta ce, "Tashi ka bi kawunka, Lirwanu. Ko banza ka sha iska. Ɗakin ga ba shi gudu." Haka na ɗauki gwangwanin fenti na bi shi.

Ya kawo wani faffaɗan katako, ya ce in rubuta da manyan baƙi yadda na kan babur zai karanta. Na ce ai a jikin buhun robobin an rubuta tek awe, sai in kwaikwaya.

"Tsaya nan. Tek mi ne ne?"

"Ɗauka."

"Wa ka ɗauka?"

"Mai saye."

"To allon ga na mai saye ne ko na mai saidawa? Mu ɗauka muka zo yi? Mu miƙawa za mu yi. Miƙawa da Turanci?"

"Gib."

"Madalla. Gib, miƙawar kowa da kowa. Gib awe, miƙawa da ladabi, hannu biyu. Masu rubuta tek awe ba su yi tunani ba. Rubuta."

Na ce, "Kawu, kamar na taɓa jin samari na faɗin gib awe a waya, da wata manufa."

"Ka gani? Har ga waya an san ta. Rubuta!"

Na rubuta. Ja a kan fari, GIVE AWAY, har da zanen cokali a gefe. Gaskiya allon ya yi kyau, da kin gani da kin yaba hannuna.

Kawu ya ce kasuwanci ba talla kamar rawa ce a duhu. Ya aro lasifika wurin wani mai maganin gargajiya, muka ɗaura ta a kan babur ɗinsa, ni a baya riƙe da allo. Abin da mai ita bai gaya mana ba shi ne tallarsa tana ciki a naɗe, kuma da babur ya faɗa rami sai ta tashi da kanta. Muka shiga Gummi Kawu yana cewa, "Jama'a, albishirinku! Ranar kasuwar Bukkuyum, rumfar Safiya, za a yi gib awe na…" sai rami, sai wata murya ta karɓe, "basir mai tsiro, basir mai jini, da na zaune da na tsaye!" Kawu ya yi ta dukan lasifika da tafin hannu, mata a ƙofar gidaje suna riƙe ciki.

Duk da haka saƙon ya isa. A bakin tasha samari suka kewaye mu, kowa ya ɗaga waya.

"Baba, da gaske gib awe ne?"

"Na gaske."

"Ba irin na 'yan waya ba, a ce ka bi shafi sannan a ɓace?"

"Ni na yi kama da mai ɓacewa? Shinkafa da wake, dafa-duka, tuwo da miyar yakuwa. Hannu biyu za a miƙa maku."

"Har da nama?"

"Har da nama!"

"Kowa da kowa?"

"Kowa! Ku zo da 'yan uwanku da maƙwabta. Wanda bai zo ba shi ya cuci kainai."

Suka ɗauki kabbara. Wani ya rungume shi. Washegari a Anka muka haɗu da masu haƙar zinariya daga Bagega sun zo sayayya, jikinsu duk jar ƙasa, kowannensu in ya zauna wa kwano sai an kawo na biyu. Babbansu ya sa Kawu ya maimaita, sannan ya ce, "Allah shi ja zamaninka, Alhaji. Mota guda za mu ɗauko."

A hanyar dawowa na ce, "Kawu, murnar ga ba ta yi yawa ba? Ban taɓa ganin wanda za shi kashe kuɗinai yana kabbara ba."

"Ba su taɓa ganin ci gaba ba, ɗana. Haka nan nima na yi ranar da na fara ganin teku."

Ranar kasuwa tun da hantsi Safiya da matan da ke taya ta suka shige bayan zana, hayaƙi na tashi, ƙamshin daddawa ya cika layin. Da ta ji labarin talla ta ƙara mudu a kan abin da ta saba, har tukunyar suna ta aro. Kawu ya sa babbar riga ta aro mai ruwan ƙwai, ya kafa allo, ya jera fararen robobi a tebur kamar sahun salla. Gefe ɗaya ya ajiye kwanon ciniki mai murfi. Ni aikina zubawa.

Lubabatu, ko ranar da ɗan takara ya zo rabon atamfa ban ga taro irin wannan ba. 'Yan acaba sun yi ta sauke mutane uku-uku. Motar 'yan Bagega ta iso da mutane har a kan rufi. Fulani masu tallar nono suka ajiye ƙore suka shiga layi. Masu saida wake suka bar buhunansu a hannun Allah.

Na farko wani dattijo ne mai sanda. Kawu ya miƙa masa roba da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Dattijo ya karɓa, ya buɗe, ya ga tsoka, ya ɗaga ido sama.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Allah shi jiƙan mahaifa."

Ya juya ya tafi.

Kawu ya bi shi da murya, yana tuna masa biya cikin ladabi, "Baba, fe awe."

"Amin, amin," in ji dattijo, bai ko waiwayo ba.

Na ce, "Kawu, bai biya ba."

"Dattijo ne, bar shi. Buɗe kasuwa da sadaka albarka ne."

Na biyu bai biya ba. Na uku ma. Na huɗu cewa ya yi a ƙara masa miya. Na sake taɓa Kawu. Ya nuna mini layin da haɓa. Samari duk sun ɗaga wayoyinsu suna saitin fuskarsa.

"Kana ganin wayoyin can? Tiransifa suke yi. Wa ka yawo da takardar kuɗi yanzu? Can wayar Safiya na ta ƙara, ba ta ji ba ne don hayaƙi."

"Sun san lambarta?"

"Lirwanu, kai dai zuba."

Sai ga maroƙi, ban san daga ina ya ɓullo ba. Ya dafe kunne ya ɗaga murya: "Alhaji Makau mai gib awe! Ruwan sama ba ka zaɓen gona! Gulbi sha ba tambaya! Wanda ya ci naka ya ƙoshi, wanda bai ci ba yana hanya!" Kawu ya kumbura har rigar aro ta yi masa daidai. Ya ce in riƙa sa tsoka biyu-biyu. Ya cire tabarau ya ɗaga wa jama'a, suka amsa da sowa.

Ina cikin zubawa na ɗaga kai, sai ga Dalhatu mahauci a gabana, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Biyu za ka ba ni. Guda tawa, guda ta tausayin kawunka."

Kawu ya ce, "Ba shi! Yau ko maƙiyi sai ya ci ci gaba."

"Na gode, Alhaji. Allah shi maimaita muna kowace kasuwa."

Rana ba ta kai tsaka ba tukunyar shinkafa ta ga ƙasa, dafa-duka ta bi ta. Safiya ta fito daga bayan zana, fuska duk zufa, tana dariya. Ta ga taro, ta ga tukwane, ta dubi Kawu wani irin kallo da na tabbata bai taɓa samu ba. Wallahi a wannan lokacin da an kawo goro da an ɗaura. Sai ta ɗaga murfin kwanon ciniki.

Ƙuda ɗaya ne a ciki, shi ma ya tashi.

"Makau, ina ciniki?"

"Duba wayarki."

Ta kwance bakin zane ta ciro waya. Saƙo ɗaya ne, daga ɗan yayarta da ke Gummi. Ta danna. Sai ga Kawu a kan babur yana cewa kowa ya zo da maƙwabta, wani yaro kuma yana bayani a kai: "Jama'a ku yaɗa, wani attajiri zai raba abinci kyauta a Bukkuyum, har da nama, saboda Allah." Daga ƙarshe lasifika ta ce basir mai tsiro.

Safiya ta sake dannawa ta saurara har ƙarshe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Attajiri."

"Safiya, yara ne ba su fahimci…"

"Da shinkafata."

Kawu ya haye benci, ya ɗaga hannuwa biyu yana kiran waɗanda suka yi nisa da robobinsu. "Kai! Ku komo! Kam awe! Birin awe! Fe awe!"

Jama'a suka ɗauka taken biki ne. 'Yan Bagega suka fara, saura suka karɓa, ana tafi: "Awe! Awe! Awe!" Maroƙi ya shiga tsakiya yana juyi. Na bayan layi da suka ji sowa suka zaci abinci ne zai ƙare, suka danno. Tebur ya karkata, zana ta faɗi, wata akuya da ta daɗe tana nazarin al'amarin ta samu hanya, ta tsoma kai cikin tukunyar miyar yakuwa har kunnuwa.

Kofa yana kusa, da farar rigarsa ta bautar ƙasa fes, shi ma ya zo da ɗalibansa cin arziki. Da ya ga akuya ta ɗago kai miya na ɗiga daga gemunta, ga wata mata ta miƙo kwano a zuba mata, sai ya yi tsalle yana nuna tukunyar, yana faɗin wata magana da ƙarfi. A kunnenmu dai abin da ya fito shi ne, "Turo it awe! Turo it awe!" Daga baya na gane so yake a zubar da ita.

Kawu ya diro daga benci, fuskarsa ta yi haske. "Kun ji? Ga mai ilimi! Dukkanta yake so, kuma shi biya za shi yi. Ya ce a turo mashi!"

"Kawu, tsaya…"

Ina! Ya sa hannu biyu ya turo tukunyar da cika, yadda awe ta tanada. Ta sauka daga kan murhu, ta yi tangal-tangal, ta kife a ƙafafun Kofa. Allah ya taimaka ta huce. Amma daga ƙirji zuwa takalmi bawan Allah ya koma kore, ganyen yakuwa ɗaya a manne a aljihunsa kamar lambar girma. Akuya ta biyo miyarta, ta fara lasar masa gwiwa.

A nan Sarkin Kasuwa ya iso da 'yan sandansa. Aka buɗe fili, aka ajiye masa kujera a gaban allon, aka tsayar da Kawu. Duk kasuwa ta taru, kowa da farar roba a hannu, wasu suna ci suna sauraro.

Sarkin Kasuwa ya nuna allo da sanda. "Makau, mi anka rubuta nan?"

"Ranka shi daɗe, miƙawa da ladabi."

"Kofa, kai harshenku ne. Mi anka rubuta?"

Kofa ya yarfe miya daga hannu, ya tattaro duk Hausar da ya mallaka. "Ba kuɗi. Kowa ɗauka. Sadaka."

Kasuwa ta ɗauki "Allahu akbar!"

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, yaron ga Turancin makaranta gare shi. Ni nawa na bakin teku ne."

Sarkin Kasuwa ya shafa gemu yana danne dariya. "To ni dai abin da na sani, sadaka in ta fita ba ta komowa. Wanda ya ci ya ci halal. Lada taka ce, Makau. Shinkafa kuwa ta Safiya ce, don haka babur ɗinka shi kwana rumfarta har ku daidaita."

Da wani ne ya ji haka, da ya sunkuyar da kai. Kawu gyara riga ya yi.

"Na yarda. Amma a ba ni haƙƙina nima. Sambo, kai ne shaida. Mi Safiya tac ce? Ta ce in na saida, ko ta ce in na ƙarar?"

Sambo ya sosa ƙeya. "Gaskiya ƙarar tac ce."

"Kafin yaushe?"

"La'asar."

"An kira azahar?"

"Ba a kira ba."

Kawu ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a. "A leƙa tukwane! Ko ƙanzo babu. Tun da anka kafa kasuwar ga, wa ya taɓa ƙarar da abinci kafin azahar? Gobe magabatana na nan tafe!"

Wasu suka fara tafi. Dalhatu ya daina tauna. Ni kaina na ce a zuci, kai, ko dai zai sha?

Safiya ta tako a hankali, muciya a hannunta. Ba ta kula Kawu ba, wurin Kofa ta nufa.

"Kofa, abin da yac ce maka rannan wurin mai shayi. Go awe. Mi take nufi?"

Kofa bai nemi Hausa ba. Ya kama gefen rigarsa da hannu biyu, ya kaɗa, ya ce "Shuu! Shuu!" yadda ake korar kaji daga shanya.

"Na gode." Ta juyo. Kasuwa ta yi tsit, har akuya. "Makau."

"Na'am, Safiya."

"Go awe."

Kawu ya dafa ƙirji, ya lumshe ido, ya ɗan rusuna. "Amin. Kema ki sauka lafiya."

Lubabatu, kasuwa ta fashe. Sarkin Kasuwa ya faɗo daga kujera, 'yan Bagega suna birgima, dattijon farko ya dawo yana tambayar me aka ce. Safiya ta ɗaga muciya. Wannan karon Kawu bai nemi fassara ba. Ya tattare rigar aro zuwa cinya ya ratsa layin masu barkono, ya tsallake buhun wake, yara na bin sa suna "Ran awe! Ran awe!" Cikin duk awe ɗin da ya kawo daga Fatakwal, ita kaɗai ya yi daidai.

Sai na ji wani sauti yana fita daga ƙirjina, ban gane shi ba da farko. Dariya ce. Na yi ta har na durƙusa a cikin miya, na riƙe ƙafar tebur, na juya gefen hagu don in ga ko kin gani. Kofa ne a wurin, yana cire ganye daga aljihu.

Da la'asar, da na ɗauki allona zan tafi, na hango Dalhatu ya naɗe hannun riga ya tsuguna yana wanke tukunyar suna. Safiya na tsaye a kansa tana zuba masa ruwa, ba ta kore shi ba.

A bayan gari na cim ma Kawu, zaune gindin wata tsamiya yana ɗaure zaren tabarau. Muka kama hanyar gida a ƙasa, ta cikin gonakin wake, rana ta yi sanyi, kowa da inuwarsa doguwa a gaba.

"Ka ji yadda ta sallame ni?" in ji shi. "Gaban jama'a, da Turanci. Mace ba ta koyon harshen namiji banza, Lirwanu. Muciyar nan kunya ce."

Na ce haka ne.

Muka yi ɗan nisa. Akwai wata kalma da nake ɗauke da ita tun daga asibiti a Gummi. Ranar nan, da likita ya ɗaga hannunsa daga wuyan hannunki, kafin ya juyo ya yi mini salati, ya faɗa wa ma'aikaciyar da ke gefensa wani abu a hankali, da Turanci, yana zaton ban ji ba. Na ji. Na san abin da yake nufi tun kafin ya juyo. Amma kalmar ta zauna mini a kunne kamar tsakuwa a takalmi.

Na ce, "Kawu, fas awe fa?"

Ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau. "Ina kaj ji ta?"

"Asibiti."

Ya cire tabarau ɗin ya sa a aljihu.  Ya tsinki kwanson wake ɗaya, ya murza, ya hure.

"Wagga ita ce babbarsu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Fas ai ka sani, ka yi boko. Wanda ya ci jarrabawa. To fas awe, wanda ya cinye ne dut, ba a rage mashi ko guda ba. Malamai su duba su ce, wanga ba sauran abin da za a tambaye shi, a buɗe mashi shi wuce gaba. Sauran 'yan aji su zauna su ƙarasa rubutu."

Ya zuba mini ƙwayoyin waken a tafin hannu, ya mayar da tabarau, ya yi gyaran murya.

"Ko a Fatakwal ba kowa aka hwaɗa ma ita ba."

Daga nan har gida lissafin yadda zai karɓo babur yake yi, da irin rigar da zai sa in ya koma wurin Safiya.

Na san ya kuskure a go, ya kuskure a gib, ya kuskure a turo, kasuwa guda shaida ce. Wannan ta ƙarshen ban kai wa Kofa ya duba ba, kuma ba zan kai ba. Inna ta ga miya a gwiwar wandona, ta ga fuskata, ta ce mi anka yi. Na ba ta labarin akuya da muciya har ta yi hawaye. Abin da Kawu ya faɗa a gonar wake kuwa, Lubabatu, na zo da shi nan ne, wurin tabarmarki. Ban gaya wa kowa ba tukuna.